Labarin Samuel McCaughey, Makiyayi Ɗan Majalisa

Wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Marusa da rani, ya ga garkunan Filani sun nufi kudu neman ruwa, ya san abin da ya fi damun makiyayi. To, ga labarin wani makiyayi wanda ya jawo ruwa har inda dabbobinsa su ke.

An haifi Samuel McCaughey a ƙasar Ailan cikin 1835. Cikin 1856 ya shiga jirgin ruwa ya tafi Ostareliya, ya kama aikin ƙwadago wurin kiwon tumakin kawunsa. Cikin 1860 ya sami rabo a wata makiyaya da a ke kira Coonong, amma ƙasar ta faye ƙarancin ruwa. Sai ya sa aka zurfafa rafin Yanco, aka yi madatsai, har ruwan kogin Murrumbidgee ya iso. Tumaki suka yi ta yaɗuwa, har aka ƙiyasta sun kai miliyan guda.

Shi ma ya taɓa kuskure, gama ya sayo raguna masu tattarar fata daga Amurka ya haɗa iri, da fari ya zo suka kasa jurewa.

Cikin 1899 aka sa shi Majalisar Dokokin New South Wales, wadda sa'an nan ta ke ƙarƙashin Ingila, ya zauna cikinta har mutuwarsa cikin 1919. Bai yi aure ba, ya bar wa jami'o'in Sydney da Queensland dukiya mai yawa. Gidansa kuwa aka mai da shi makarantar koyon noma.

'Yan'uwa, mu ma a ƙasarmu rani ba ya fashi. Wa zai fara haƙa?