Taƙaitaccen Tarihin Babban Dikon Dandeson Crowther (1844–1938)

Yayinda muke murnar cika shekara hamsin, na ga ya dace mu waiwayi wani bawan Allah wanda yawancinmu mun san sunan mahaifinsa amma shi ba mu san shi ba. Shi ne Dandeson Coates Crowther, ɗan autan Bishop Samuel Ajayi Crowther cikin 'ya'yansa maza.

Tarihin gidan ya fara da bauta. Wajen shekara ta 1821 maharan bayi suka faɗa wa garin Osogun a ƙasar Yarbawa, suka kama yaro Ajayi tare da mahaifiyarsa. Aka yi ta cinikinsa daga hannu zuwa hannu, har da musanya shi da doki, kafin a sa shi cikin jirgin Turawan Fotugal. A 1822 jiragen yaƙin Ingila suka tare jirgin, suka sauke bayin a Saliyo. A can aka yi masa baftisma a 1825, ya zama ɗaya daga cikin ɗaliban farko na kwalejin Fourah Bay a 1827. Matarsa Susan ita ma 'yantacciyar baiwa ce. Bayan shekara ashirin da biyar da rabuwa, ya sake saduwa da mahaifiyarsa a Abeokuta a 1846, aka yi mata baftisma da suna Hannatu.

An haifi Dandeson a Saliyo a 1844, shekara guda bayan an naɗa mahaifinsa dikon a Landan. Sunan wani sakataren mishan ɗin C.M.S. aka sa masa. Yayarsa Abigail ta auri Rabaran Thomas Babington Macaulay, wanda ya buɗe makarantar sakandaren C.M.S. a Legas a 1859. Ɗansu shi ne Herbert Macaulay ɗan siyasa, wanda ciwon ajali ya kama a Kano a 1946. Ashe Dandeson kawunsa ne.

Ya yi karatun aikin Ikkilisiya a kwalejin C.M.S. ta Islington. A 1870 mahaifinsa, wanda ya riga ya zama bishop tun 1864, ya ɗora masa hannu ya keɓe shi dikon. Duk fasto mai ɗa ya san nauyin wannan rana. A 1871 ya kama aiki a Bonny, tsibirin da ke bakin teku inda rassan kogi suke zuba, a 1876 kuma aka naɗa shi babban dikon na yankin.

Bonny ba wurin hutu ba ne. Sarkin garin ne da kansa ya gayyaci mishan, amma yawancin waɗanda suka fara karɓar Bishara bayi ne, iyayengijinsu kuwa ba su ji daɗin bawan da zai ƙi aiki ran Lahadi ko ya ƙi cin naman da aka miƙa wa gumaka ba. Tsanani ya tashi. Aka hana zuwa sujada, aka ɗaure wasu a daji. A 1875 aka jefa wani bawa mai suna Joshua Hart cikin ruwa aka kashe shi saboda ya ƙi cin naman hadaya. Dandeson bai gudu ba. Shi da matarsa Sarah suka yi ta fama da al'adar kashe tagwaye. A 1888 aka rushe ɗakin tsafin da ake jera ƙoƙunan kawunan mutane, a 1889 kuma aka buɗe majami'ar St. Stephen.

Gwajin da ya fi masa zafi daga cikin gida ya fito, kuma a nan labarin ya taɓa mu. A 1890 wasu samarin mishan daga Ingila, ƙarƙashin Graham Wilmot Brooke da John Alfred Robinson, suka sauka a Lakwaja da niyyar kawo Bishara ƙasar Hausa. Sun koyi Hausa, suna sa riga da rawani irin namu, kuma ba na shakkar himmarsu. Amma sun dubi ma'aikatan Afirka da suka tarar da idon raini. Gaskiya ne akwai masu laifi cikin ma'aikatan, sai dai an haɗa mai laifi da marar laifi an yi musu kuɗin goro. A taron da aka yi a Anacha cikin Agustan 1890, sakataren mishan ya dakatar da Dandeson daga aiki a gaban mahaifinsa, tsoho mai shekara tamanin da 'yan kai, wanda shi ne bishop. Tsohon ya sauka daga shugabancin kwamitin. Ya rasu a Legas ran 31 ga Disamba 1891. Robinson ya riga shi mutuwa a shekarar, Brooke ya bi a 1892, dukansu a Lakwaja, ba wanda ya ga Kano. Sai a 1900 Bishop Tugwell da Likita Walter Miller suka isa can.

Mutane da yawa a lokacin sun bar Angilikan sun kafa nasu ikkilisiyoyi. Dandeson ya ɗauki wata hanya. A 1892 ikkilisiyoyin yankinsa suka fita daga hannun C.M.S., suka ɗauki nauyin albashin fastocinsu da makarantunsu da gine-ginensu daga baikon masu bi, amma ba su bar koyarwa ko tsarin sujadar Angilikan ba. An yi tsammani ba za su daɗe ba. Masunta da 'yan kasuwar manja suka riƙe aikin, har suka kai Bishara garuruwan cikin ƙasa inda suke zuwa ciniki. A 1897 aka sulhunta, aka amince da tsarinsu. A ganina wannan ya fi ginin majami'a wuya, domin mutumin da aka ci wa mutunci a bainar jama'a ya fi son ya tafi gaba ɗaya.

Ba a taɓa naɗa shi bishop ba. Da aka tashi ba yankin mataimakin bishop ɗan Afirka a 1900, James Johnson aka zaɓa, Dandeson ya yi aiki tare da shi. Ya riƙe muƙamin babban dikon shekara hamsin cif, daga 1876 zuwa 1926. Ya koma Saliyo inda aka haife shi, ya rasu a Janairun 1938 yana da shekara 93. A 2014, a babbar majami'ar Canterbury inda aka naɗa mahaifinsa, Akbishop Justin Welby ya yi sujadar godiya da tuba saboda abin da aka yi wa Bishop Crowther.