Ladi Kwali, Maginiyar Abuja

Duk wanda ya juya takardar Naira 20 ya dubi bayanta zai ga surar wata mace tana aikin tukunya. Wannan ita ce Ladi Kwali. Mutane da yawa sun kashe takardar ba su san mai surar ba, ga shi kuwa labarinta yana da amfani ga malamai da ma'aikata, musamman waɗanda sha'anin masu sana'ar hannu ke biyowa ta teburinsu.

An haife ta wajen shekarar 1925 a garin Kwali, cikin ƙasar Gwari, inda ginin tukwane aikin mata ne tun kaka da kakanni. Ba ta shiga makarantar boko ba. Tun tana yarinya ta koyi gini a hannun ɗaya daga cikin iyayenta mata, watau a kwaɓa yumɓu, a ja shi sama da hannu, a riƙa ɗora murɗaɗɗen yumɓu bisa wani, maginiya tana kewaya tukunya har ta tashi. Sa'an nan a yi mata zane, a shanya, a tara itace da busasshiyar ciyawa a gasa a fili. Ladi ta gwanance wajen gina randa da tulu, tana zana musu kunama, da ƙadangare, da kada, da hawainiya, da kifi, da tsuntsaye.

Wanda ya fara ɗaukaka aikinta shi ne Sarkin Abuja Sulaimanu Barau, wanda ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya kuwa hau gadon sarauta cikin 1944. Abujar da a ke nufi a nan ita ce garin da yanzu a ke kira Suleja. Sarki ya sami tukwanenta ya ajiye a gidansa don kyawunsu. Cikin 1950 Gwamnati ta ɗauko wani Bature maginin Ingila, Michael Cardew, don ya duba yadda za a kyautata wannan sana'a a Nijeriya. Yana cikin rangadi ya ga tukwanen nan a gidan Sarki, suka shiga ransa ƙwarai. Da ya buɗe makarantar koyon gini a Abuja cikin 1952, maza ne kaɗai almajiransa, sai a 1954 Ladi ta shiga, ta zama mace ta farko a wurin.

A nan ta koyi gini bisa faifan da ke juyawa, da yi wa tukunya shafe mai ƙyalli irin na tangaran, da gashi cikin tanderu mai tsananin zafi. Amma abin da ya kamata a lura da shi, ba a raba ta da abin da ta zo da shi daga gida ba. Ta ci gaba da gina manyan randuna da hannu yadda ta gada, da zanen nan na Gwari, sai dai yanzu da sabon yumɓu da sabon gashi. Su ne kuwa suka fitar da sunanta. An nuna aikinta a London cikin 1958 da 1959 da 1962. A 1962 ɗin ta tafi Ingila da kanta ta yi gini a gaban malamai da ɗalibai, a 1972 kuma ta zaga Amurka tare da Cardew. Ganin haka waɗansu mata suka biyo sawunta, irin su Halima Audu, da Asibi Ido, da Kande Ushafa, har aka riƙa kiran wurin aikinsu Ɗakin Gwari.

To, amma akwai abin da ya ɓace cikin wannan ci gaba, gaskiya kuwa ba ta son ɓoyo. Randar ƙauye tana sanyaya ruwa ne domin jikinta yana tsattsafowa, iska ta buga shi. Da aka yi mata shafe aka gasa ta da wuta mai ƙarfi, sai ta yi nauyi, ta daina tsattsafo, kuɗinta kuma ya fi ƙarfin talaka. Ta tashi daga gindin rumfa ta koma kayan ado a gidajen masu hali da ɗakunan ajiyar kayan tarihi. Saboda haka dubban matan da ke gina wa kasuwar ƙauye, taimakon nan bai kai gare su sosai ba.

Ita kam ta sami girma tun tana da rai. An ba ta lambar M.B.E. cikin 1963. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na Dakta cikin 1977, macen da ba ta taɓa zama a aji ba. Gwamnatin Nijeriya ta ba ta babbar lambar yabo ta masana cikin 1980, da O.O.N. cikin 1981, aka kuma sa wa makarantar nan sunanta. Ta rasu a Minna ran 12 ga Agusta, 1984.

Ladi ta iya aikinta tun kafin Bature ya san da ita. Abin da ta samu shi ne Sarki mai lura, da wurin aiki, da hanyar kasuwa, da malamin da bai raina ilmin da ya tarar ba. Har yau akwai maginiya, da masaƙiya, da mai kaɗi a kusa da kowace makaranta da kowane ofis. Malamin da ya gayyato irinsu su nuna wa yara aikinsu, da ma'aikacin da ya sa sunansu cikin lissafi ran da a ke rabon rance ko rumfar kasuwa, sun bi sawun Sarki Sulaimanu.

Allah ya jiƙanta.