Charles de Foucauld, limamin Kirista da ya zauna cikin Abzinawa

A ranar 1 ga watan Disamba na 1916, da almuru, wani mutum ya ƙwanƙwasa ƙofar wani gidan laka a garin Tamanrasset da ke kudancin Aljeriya, ya ce ya kawo wasiƙu. Mai gidan ya san muryar, don haka ya buɗe. Wannan ita ce ƙofa ta ƙarshe da Charles de Foucauld ya buɗe wa baƙo, bayan shekaru 15 da ya yi a hamadar Sahara yana wannan aiki. Shi limami ne na cocin Katolika, ɗan ƙasar Faransa, wanda ya ɗauki karɓar baƙi a matsayin wa'azinsa.

An haife shi a birnin Strasbourg a ranar 15 ga watan Satumba na 1858, a gidan masu sarauta da dukiya. Yana dab da cika shekara 6 ya zama maraya gaba da baya, kakansa ya riƙe shi. Tun yana saurayi ya watsar da addini. Ya shiga makarantar hafsoshin soja ta Saint-Cyr a 1876, da gādo ya faɗo hannunsa kuwa sai ya dinga bushasha, har ta kai rundunar da aka tura shi cikinta a Aljeriya ta dakatar da shi saboda rashin ɗa'a.

Abin da ya juya rayuwarsa shi ne tafiyar da ya yi cikin ƙasar Maroko daga 1883 zuwa 1884. A lokacin Bature ba ya shiga yankunan karkarar ƙasar ya fito lafiya, saboda haka ya ɓad da kama da shigar malamin Yahudawa, ya bi wani Bayahude mai suna Mordechai Abi Serour, yana zana taswira a ɓoye. Aikin ya jawo masa lambar zinariya daga ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Paris. Amma abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne yadda ya ga Musulmi suna barin duk abin da suke yi su tsai da salla a sararin Allah. Ganin ibadarsu ne ya sa ya fara tambayar kansa game da Ubangiji, kuma a watan Oktoba na 1886 ya koma ga addinin iyayensa ta hannun wani limami a Paris mai suna Huvelin.

Daga nan ya rabu da dukiya. Ya yi shekaru 7 cikin masu zuhudu na ɗariƙar Trappist, galibi a ƙasar Sham, sa'an nan ya tafi Nazarat ya zama ɗan aike kuma mai shara a gidan wasu mata masu ibada. A can ne ya tsai da ra'ayin da ya rayu a kansa, wato cewa Yesu Almasihu ya yi kusan shekara 30 a ƙauye yana aikin hannu cikin maƙwabta kafin ya fito wa'azi, kuma wannan zaman shi ma saƙo ne.

An naɗa shi limami a 1901, ya nufi Beni Abbes kusa da iyakar Aljeriya da Maroko. Gidan da ya gina a wurin ya zama zango: matafiya, da marasa lafiya, da sojoji, da bayi, kowa na zuwa tun asuba. Yakan ba da dabino da sha'ir da magani, ya zauna ya saurari mutum. Ya fanshi wasu bayi da kuɗinsa, ya kuma rubuta wasiƙu masu zafi yana sukar hukumomin Faransa da suka kau da kai daga cinikin bayi domin kada su ɓata da manyan yankin.

A 1905 ya gangara kudu zuwa Tamanrasset, wanda a lokacin bukkoki ne kimanin 20, da yardar sarkin Abzinawan Ahaggar, Musa ag Amastan. Bai hau mumbari ba, bai kuma tara jama'a don yin muhawara ba. Ya koyi harshen Tamahak, yana raba allura da magani, yana koya wa mata saƙa, yana hira da makiyaya kan raƙuma da ruwan sama. Idan zance ya kai ga addini, yakan tsaya kan abin da shi da baƙonsa suka yarda da shi, kamar ƙaunar Allah da kyautata wa maƙwabci. Fatansa shi ne wanda ya ga halinsa ya tambayi kansa wane irin ubangida ne wannan bawa yake bauta wa.

Cikin fari da yunwar 1907 zuwa 1908 ya rabar da abincin da ya tanada, sai ciwo ya kwantar da shi har ya fid da rai. Abzinawan da su ma ba su da abin kaiwa baka suka bi karkara suna neman awakin da suka rage da nono, suka yi jinyarsa har ya tashi. Masu nazarin rayuwarsa suna ganin daga nan zamansa da su ya sake kama, domin wanda ya zo bayarwa ya koyi karɓa. Shekarun da suka biyo baya ya ƙarar da su kan ƙamus na Tamahak da Faransanci, wanda aka buga cikin juzu'i 4 bayan mutuwarsa, da kuma tattara dubban baitocin waƙoƙin Abzinawa. Har yanzu masana harshen suna komawa ga wannan aiki.

Sai dai akwai ɓangaren da masu yabonsa ba su cika son tsayawa a kai ba. Foucauld tsohon hafsa ne, aminin Janar Laperrine wanda ya jagoranci mamaye Sahara, kuma ya yi imani da mulkin Faransa a yankin, ko da yake yana sukar zaluncin jami'anta. Yakan aika wa hafsoshi labarin abin da ke gudana. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke, ya gina gida mai kama da ganuwa domin mutanen gari su fake, an kuma ajiye bindigogi a ciki. Wannan ya sa har yau wasu masana tarihi suke ɗaukarsa a matsayin idon 'yan mulkin mallaka, kuma zargin yana da madogara.

Maharan da suka zo a daren nan suna da alaƙa da 'yan Sanusiyya masu yaƙar Turawa, a cikin watan da Kawsan ya yi wa sojojin Faransa ƙawanya a Agadas. Sun jawo shi waje, suka ɗaure shi, suka bar wani yaro ɗan kimanin shekara 15 yana gadinsa. Da wasu sojoji biyu suka ɓullo bisa raƙuma, yaron ya firgita ya harbe shi a ka. Yana da shekara 58.

Ya mutu ba tare da ko Ba'abzine ɗaya ya karɓi addininsa ba, kuma ɗariƙar da ya rubuta wa dokoki ba ta samu mabiyi ba yana raye. Littafin tarihinsa da René Bazin ya wallafa a 1921 shi ya fito da sunansa. A 1933 aka kafa ƙungiyar Ƙananan 'Yan'uwan Yesu, ta mata kuma a 1939, waɗanda mabiyansu ke zama a unguwannin talakawa suna aikin ƙarfi tare da maƙwabtansu. Fafaroma Francis ya sanya shi cikin waliyyan cocin Katolika a ranar 15 ga watan Mayu na 2022. Kabarinsa yana El Meniya, a tsakiyar hamadar Aljeriya.