Tarihin Hujjatul Islam Imam Al-Gazali (R.A), Malamin da Ya Karanci Falsafa Kafin Ya Yi Mata Raddi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu (S.A.W), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Haihuwarsa da tasowarsa

Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu ɗan Muhammadu, alkunyarsa Abu Hamid. An haife shi a shekara ta 450 bayan Hijira, daidai da 1058 Miladiyya, a garin Ɗus na yankin Khurasan, kusa da birnin Mashhad na ƙasar Iran ta yau. Mahaifinsa talaka ne mai kaɗin zaren ulu yana sayarwa, mai son zama wurin malamai. Da ajali ya gabato masa, sai ya damƙa ƴaƴansa biyu, Muhammadu da Ahmadu, ga wani abokinsa sufi, tare da ɗan abin da ya mallaka, ya roƙe shi ya sa su karatu.

Sufin ya riƙe amana har kuɗin suka ƙare. Shi ma ba mai hali ba ne, don haka ya ba su shawara su shiga makarantar da ake ciyar da almajirai. Abinci ne ya fara kai su ga karatu, kuma Imam bai taɓa ɓoye wannan ba. Bayan ya girma yakan faɗa cewa sun nemi ilimi da wata niyya dabam, amma ilimin ya ƙi yarda ya zama na kowa sai na Allah.

Darasin ƴan fashi

Ya fara fiƙihu a Ɗus wurin Shehu Ahmad Ar-Razakani, daga nan ya tafi Jurjan, inda ya rubuta duk abin da ya ji daga bakin malaminsa ya tara cikin gafaka. Marubuta tarihinsa sun ruwaito cewa a hanyar dawowa ƴan fashi suka tare ayarinsu suka kwashe komai. Ya bi su yana roƙo a maido masa da takardunsa kaɗai, domin saboda su ya bar gida. Shugaban ƴan fashin ya yi dariya, ya tambaye shi wane irin ilimi ne wannan da za a raba mutum da shi ta hanyar ƙwace masa jaka. Sannan ya sa aka miƙa masa.

Al-Gazali ya ɗauki wannan magana a matsayin gargaɗin da Allah Ya aiko masa ta bakin ɓarawo. Da ya isa Ɗus ya yi shekara uku yana haddace abin da ya rubuta.

Daga Naisabur zuwa Bagadaza

Bayan haka ya tafi Naisabur wurin Imamul Haramaini Al-Juwaini, ya ƙware a fiƙihun Shafi'iyya, da usulu, da ilimin tauhidi, da manɗiƙi, da muhawara. A wannan zamani ne kuma ya san Shehu Abu Ali Al-Farmadi, ɗaya daga manyan sufayen Khurasan. Da Al-Juwaini ya rasu a 478, sai ya koma majalisar waziri Nizamul Mulk, inda malamai ke haɗuwa suna gwada ƙwanji. Ya rinjaye su, waziri ya naɗa shi babban malamin makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a shekara ta 484 (1091), yana ɗan shekara 34. Ɗalibai wajen 300 ne suke zama gabansa.

Yadda ya karanci falsafa

A wancan zamani littattafan Yunanawa sun daɗe da shigowa Larabci. Al-Farabi da Ibn Sina sun yi sharhin koyarwar Arisɗo, masu ilimi da yawa sun ruɗu da ita, wasu har suna raina ibada. Malamai sun yi ta raddi, amma Al-Gazali ya duba raddin ya ga rauni gare shi, saboda masu yinsa ba su san abin da suke suka ba. Ra'ayinsa shi ne, mutum ba zai gane ɓarnar wani fanni ba sai ya kai ƙarshensa, ya yi daidai da mafi sani a cikin ma'abotansa, har ya ɗara shi. Raddi kafin fahimta kamar harbi ne cikin duhu.

Sai ya zauna da littattafan falsafa shi kaɗai, ba tare da malami ba, a ɗan lokacin da ke rage masa bayan karantarwa da rubutu. Cikin ƙasa da shekara biyu ya ƙare su, ya ƙara kusan shekara guda yana maimaitawa yana tunani a kansu. Littafin da ya rubuta mai suna Maƙasidul Falasifa ya jera ra'ayoyinsu dalla-dalla ba tare da suka ba, da adalcin da ya sa bayan an juya shi zuwa Latinanci wasu malaman Turai suka zaci marubucinsa ɗaya ne daga cikin ƴan falsafar.

Bai yi wa falsafa kuɗin goro ba. Ya kasa ilimominta gida shida: lissafi, manɗiƙi, ilimin halittu, ilimin Ubangijintaka, siyasa, da ɗabi'u. Lissafi da manɗiƙi ya ce babu ruwansu da tabbatar da addini ko kore shi, hujjojinsu a fili suke. Amma ya nuna haɗari biyu. Na farko, ɗalibi ya ga ƙwarewarsu a lissafi ya burge shi, sai ya zaci haka suke a kowane fanni, ya bi su har cikin kuskurensu game da Allah. Na biyu, wani mai kishin addini marar sani ya tashi ya ƙaryata komai nasu, har lissafin husufin rana da na wata. Wanda ya san wannan lissafi tabbas ne, in ya ji an ce addini ya ƙaryata shi, to addinin zai yi wa shakka. Imam ya ɗauki irin wannan masoyi a matsayin mai cutar da Musulunci.

Sannan ya rubuta Tahafutul Falasifa, wanda ya kammala a 488, ya tattauna mas'ala ashirin. Sha bakwai ya ƙirga su bidi'a, uku ya ce kafirci ne: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa filla-filla ba, da cewa jikkuna ba za su tashi ranar ƙiyama ba. Da makaminsu na manɗiƙi ya yaƙe su. A nan ne ya kawo misalin wuta da auduga: ido yana ganin ƙuna tana aukuwa lokacin da suka haɗu, amma ido bai ga cewa wutar ce da kanta ta halicci ƙunar ba. Mai aikatawa shi ne Allah, Wanda Ya gudanar da al'ada a haka.

Ya kuma koya wa ɗalibai cewa a san gaskiya tukuna, sannan a san masu ita. Zuma ba ta zama ƙazanta don an same ta cikin ƙahon wanzami. Ɗan canji ƙwararre yana iya sa hannu cikin jakar mai kuɗin jabu ya zaɓo na kirki, amma wanda bai iya bambancewa ba, nisantar jakar ya fi masa. Shi ya sa ya hana masu ƙaramin sani shiga waɗannan littattafai kafin su ƙarfafa.

Lokacin da harshensa ya ɗaure

Bayan ya auna malaman tauhidi, da ƴan falsafa, da Baɗiniyya, sai ya juya ga littattafan sufaye, irin su Ƙutul Ƙulub na Abu Ɗalib Al-Makki da rubuce-rubucen Al-Muhasibi. A nan ya tarar da abin da karatu ba ya bayarwa. Sanin ma'anar lafiya dabam, zama lafiyayye dabam. Ya gane cewa wannan hanya ta ɗanɗano ce da aiki da gyaran zuciya.

Ya auna kansa kamar yadda ya auna littattafan wasu. Ya duba niyyarsa a karantarwa, ya ga neman girma ne da suna. Tun daga watan Rajab na 488 ya yi kusan wata shida yana kai-kawo, da safe ya ƙudura barin Bagadaza, da yamma son matsayi ya rinjaye shi. Daga nan Allah Ya ɗaure harshensa. Yakan fito don faranta wa ɗalibai, ya kasa furta kalma ko ɗaya. Abinci ya daina narkewa a cikinsa, likitoci suka ce ciwon daga zuciya yake.

A watan Zulƙida ya raba dukiyarsa, ya rage abin da iyalinsa za su ci, ya bar ƙaninsa Ahmadu a kan kujerar karantarwa. Ya nuna wa mutane Makka za shi, alhali Sham ya nufa, don kada mahukunta su tsare shi. Ya yi kusan shekara biyu a can cikin halwa da zikiri, yakan hau hasumiyar masallacin Dimashƙa ya rufe ƙofa ya wuni. Ya tafi Baitul Maƙdis, ya ziyarci kabarin Annabi Ibrahim (A.S), inda ya yi alkawarin ba zai sake zuwa fadar sarki ba, ba zai karɓi kuɗin sarki ba, ba zai ƙara shiga muhawarar nuna fifiko ba. Daga nan ya yi aikin Hajji ya ziyarci Manzon Allah (S.A.W).

A cikin waɗannan shekaru ya rubuta Ihya'u Ulumid Din, kashi huɗu, kowane kashi littafi goma: ibada, al'adun zaman duniya, halaye masu halakarwa, da halaye masu tsirarwa.

Ƙarshen rayuwarsa

Bayan kimanin shekara goma sha ɗaya, a 499, ya koma karantarwa a Nizamiyya ta Naisabur, bisa matsawar waziri Fakhrul Mulk da shawarar wasu ma'abota zukata. A lokacin ya rubuta Al-Munƙiz minad Dalal, tarihin bincikensa. Bai daɗe ba ya koma Ɗus, ya gina makaranta da zawiya kusa da gidansa. Duk da laƙabin Hujjatul Islam, a ƙarshen rayuwarsa ya sake zama ɗalibi, yana karatun Bukhari da Muslim, fannin da ya san bai kai sauran ƙarfi a wurinsa ba.

Ya rasu ranar Litinin, 14 ga Jumada Akhir, 505 (1111), yana da shekara 55. An ruwaito daga ƙaninsa Ahmadu cewa ya yi sallar asuba, ya sa aka kawo likkafaninsa, ya sumbace shi ya ɗora a idanunsa, ya miƙe yana fuskantar alƙibla, ya cika kafin gari ya waye sarai.

Littattafansa ma an auna su. An ƙone Ihya a Ƙurɗuba zamanin Murabiɗai, Ibn Rushd ya yi wa Tahafut raddi, Hafiz Al-Iraƙi ya bi hadisan Ihya ɗaya bayan ɗaya ya bayyana ingantacce da mai rauni. Sayyid Murtada Az-Zabidi ya yi mata babban sharhi a Alƙahira, kuma cikin waɗanda suka karɓi ijaza a wurinsa akwai Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo. Har yau ana karanta Ihya da Bidayatul Hidaya a zaurukan malamai na ƙasar Hausa.

Ɗalibin da ke karanta falsafa ko tarihi ko adabin wasu al'ummu a jami'a yana da abin koyi a nan: ya fahimci littafi kafin ya yanke masa hukunci, ya ɗauki gaskiya duk inda ta fito, ya san iyakar ƙarfinsa ya nemi jagoran malami. Mai zikiri da ke zagin littafin da bai buɗe ba, shi ma gargaɗin ya shafe shi. Su duka biyu akwai tambayar da ta ɗaure harshen Imam a Bagadaza tana jiransu, wato don wa ake wannan karatu.

Allah Ya ƙara masa yarda, Ya amfanar da al'umma da iliminsa, Ya tsarkake niyyar masu neman sani. Amin.