Colin Chapman: Injiniyan da ya rage wa motar tsere nauyi har ta ci duniya

Daga cikin mutanen da suka sauya fasalin tseren motoci na Formula 1, kaɗan ne suka kai Colin Chapman tasiri, kuma kaɗan ne aka yi ta taƙaddama a kansu kamar shi. An haife shi ranar 19 ga Mayu, 1928, a Richmond da ke kusa da birnin Landan. Ya karanci injiniyancin gine-gine a Kwalejin Jami'a ta Landan, sannan ya ɗan taɓa aiki da rundunar sojan sama ta Birtaniya. Daga harkar jiragen sama ya ɗauko aƙidar da ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa, wato duk wani nauyi da ba shi da aiki a jikin na'ura, cire shi ya fi alheri.

A 1948 ya gyara wata tsohuwar mota ƙirar Austin 7 ya shiga gasa da ita. A 1952 ya kafa kamfanin Lotus a wani tsohon bargar dawaki da ke bayan otel ɗin da mahaifinsa ke gudanarwa a unguwar Hornsey, da rancen fam 25 daga Hazel, wadda ya aura daga baya. Bayan shekara shida motocinsa suka shiga Formula 1.

Motar da ta ɗaga sunansa ita ce Lotus 25, wadda ta fara fitowa a tseren ƙasar Holan na 1962. Kafin ita, ana harhaɗa ƙashin motar tsere ne da siraran bututun ƙarfe da aka yi wa walda, sannan a lulluɓe su. Chapman ya watsar da bututun. Ya lanƙwasa fallayen alminiyam ya haɗa su suka zama abu guda mai kama da kwalekwale, tankunan mai suna cikin gefunansa biyu, direba kuma yana tsakiya kusan a kishingiɗe. Gangar jikin da kanta ce ke ɗaukar nauyi da jijjiga. Hakan ya sa motar ta fi takwarorinta tauri da sauƙin nauyi, ta kuma zama siririya ta yadda iska ba ta cika tare ta ba. A lokacin da doka ta ƙayyade girman inji ga lita 1.5, kowa ƙarfinsa kusan ɗaya ne, don haka wannan 'yar rata ita ce ke raba mai nasara da na bayansa. Waɗanda suka sayi Lotus 24 mai tsohon tsarin bututu daga hannunsa a shekarar ba su ji daɗi ba da suka ga abin da ya ajiye wa kansa.

Direban da ya dace da ita shi ne Jim Clark, manomi mai kiwon tumaki daga Sikotland, mutum mai kawaici. A 1962 ya ci tsere uku, kuma yana kan gaba a tseren ƙarshe a East London ta Afirka ta Kudu sai baƙin mai ya fara tsiyaya, kambin ya koma hannun Graham Hill na BRM. A 1963 ba a yi wasa ba: tsere bakwai ya lashe cikin goma, a Beljiyam, Holan, Faransa, Birtaniya, Italiya, Meksiko da Afirka ta Kudu. Shi ya zama zakaran direbobi, Lotus kuma zakaran masu ƙera motoci a karon farko. A 1964 tsiyayar mai ta sake raba shi da kambi a zagayen ƙarshe a Meksiko. A 1965 ya dawo da shi da Lotus 33, wadda ita ce 25 ɗin da aka inganta, ya kuma ci tseren Indianapolis 500 a Amurka. Har yau a kan wannan tsarin gangar jiki ake ƙera kowace motar Formula 1, sai dai kayan aikin sun sauya.

Chapman bai iya zama wuri ɗaya ba. A Lotus 49 ta 1967 ya mayar da injin Cosworth wani ɓangare na ƙashin motar, ta kuma yi nasara a fitowarta ta farko. A 1968 ya cire wa motocinsa koren launin Birtaniya ya shafa musu na wani kamfanin taba sigari, abin da ya buɗe ƙofar kuɗin talla a wasan. A Lotus 79 ta 1978 ya sarrafa iskar da ke bi ta ƙarƙashin mota ta riƙa manna ta da kwalta a kwana. Jimilla, ƙungiyarsa ta ci kambin masu ƙera motoci sau bakwai, na direbobi sau shida.

Sai dai an biya wannan da tsada. Motocinsa sun yi suna wajen gudu, sun kuma yi suna wajen karyewa. Clark ya rasu ranar 7 ga Afrilu, 1968, a Hockenheim ta Jamus, cikin wata motar Lotus ta ƙaramin aji. A 1969 dogayen fukafukan da aka ɗora wa Lotus 49 suka karye a Sifen, Hill da Jochen Rindt suka yi haɗari a wuri guda. Rindt, wanda ya sha nuna damuwa kan rashin ƙwarin motocin, ya mutu a Monza a 1970, kuma shi kaɗai ne aka taɓa bai wa kambin duniya bayan mutuwarsa. Ronnie Peterson ma a Monza ya gamu da ajalinsa a 1978, shekarar da abokin aikinsa Mario Andretti ya zama zakara. Ba adalci ba ne a ɗora wa Chapman dukkan waɗannan, domin zamani ne da filayen tsere ba su da kariyar kirki, kuma direbobin wasu kamfanoni ma sun mutu. Amma wanda ya mayar da rage nauyi aƙidarsa ba zai wanke hannunsa gaba ɗaya ba.

Shekarunsa na ƙarshe sun zo da tabo. Lotus ta yi aikin injiniya ga kamfanin motoci na DeLorean a Arewacin Ireland, inda miliyoyin fam na gwamnatin Birtaniya suka salwanta. Chapman bai kai ga gurfana gaban kotu ba, domin bugun zuciya ya ɗauke shi ranar 16 ga Disamba, 1982, yana da shekara 54. Akanta na kamfanin, Fred Bushell, shi aka ɗaure shekara uku a 1992.