Jul Bern, Bafaranshen da ya ratsa Damagaram da alƙalami

A wannan fitowa mun kawo muku tarihin wani marubuci da duk ɗan lakwal ya san sunansa, wato Jules Verne, wanda bakinmu ke kira Jul Bern.

An haife shi ranar 8 ga Fabrairu 1828 a Nanti, wani birni mai tashar jiragen ruwa a ƙasar Faransa. Ubansa lauya ne, ya so ɗansa ya gaje shi, sai ya tura shi Pari karatun shari'a. Yaron ya gama karatun, amma hankalinsa na ga rubutu. Ya yi shekaru yana rubuta wasannin kwaikwayo da ba su kawo masa abin kirki ba. A 1857 ya auri wata bazawara mai ƴaƴa 2, ya shiga dillancin hannun jari don ciyar da iyali, yana tashi tun da asuba ya yi rubutu kafin ya fita aiki.

Mahaƙurci mawadaci. A 1862 ya gamu da Hetzel, mai buga littattafai. A 1863 littafinsa Mako Biyar Cikin Balan-balan ya fito, ya sami kasuwa ƙwarai. Labari ne na Turawan Ingila 3 da suka shiga kwando rataye da wata ƙatuwar jakar iska, suka tashi daga Zanzibar, suka bi ta tafkin Cadi, suka wuce bisa Zinder, da Damargu, da kusa da Agadas, da Tambutu, har kogin Senegal.

To, ga abin mamaki: Jul Bern bai taɓa taka ƙasarmu ba. Ko balan-balan ɗin ma sai a 1873 ya hau, na ƴan mintoci. Abin da ya faɗa game da mu, a littattafan matafiya ya tsinto shi, irin su Barth, Bajamushen nan da ake kira Abdul Karim, wanda ya sauka Agadas a 1850, ya iso Zinder a ƙarshen 1852.

Daga nan littattafai suka yi ta fitowa: Tafiya Zuwa Tsakiyar Ƙasa a 1864, Daga Duniya Zuwa Wata a 1865, labarin jirgin da ke tafiya ƙarƙashin teku a 1870, da Kewaya Duniya Cikin Kwana 80 a 1872. Sirrinsa karatu ne da lissafi: yana tattara abin da masana suka gano, ya ƙulla labari a kai. Cikin littafin wata, mutum 3 ya harba daga Fulorida ta Amurka. A 1969 kuwa daga Fulorida mutum 3 suka tashi zuwa wata.

Ƙarshen rayuwarsa ya sha wuya. A 1886 ɗan ƙanensa ya harbe shi a ƙafa, ya zauna da ɗingishi har mutuwa. Duk da haka a 1888 aka zaɓe shi cikin majalisar garin Amiyan, inda yake zaune. A can ciwon sukari ya kashe shi ranar 24 ga Maris 1905, yana da shekara 77.

Mun yaba ƙwazonsa, amma gaskiya ɗaya ce. Cikin littafin balan-balan ya nuna baƙar fata kamar mutanen daji marasa hankali. Da ya zo kan Zinder, wurin kisan masu laifi ya sa a gaba, alhali a zamanin nan Sarki Tanimun na mulkin Damagaram, gari mai malamai da fatake masu kai kaya har Tarabulus. Da irin wannan hoto yaran Faransa suka tashi. Shekara 36 bayan fitowar littafin, a 1899, sojan Faransa suka ci Zinder.

Darasin a fili yake: wanda bai rubuta labarinsa ba, baƙo zai rubuta masa yadda ya ga dama. Saboda haka muna roƙon ƴan cirani su bar yara a lakwal su ƙare karatu, kada a janye su zuwa talla ko bin mota. Dattawa kuma, ku zaunar da ƴan makaranta ku ba su tarihin kafuwar garinmu, da sunayen sarakuna, da shekarun yunwa, su rubuta da boko ko da ajami, ƙungiya ta ajiye. Allah ya sa mu dace, amin.