Likita Mila na Zariya

'Yan'uwana mata, yau ga labarin wani Bature, Likita Walter Miller, wanda Zazzagawa suke kira Likita Mila. An haife shi a Ingila a 1872. Ɗan mishan ne na cocin Angilika, kuma sai da ya je Tarabulus ya koyi Hausa kafin ya shigo ƙasarmu.

A 1900 suka isa Kano da Bishop Tugwell, amma Sarki Alu ya ce su fita. Wannan bai sa ya koma gida ba. A 1905 ya zauna cikin birnin Zariya, yana ba da magani, yana koyar da yara. Iyaye da yawa suka hana 'ya'yansu zuwa, don tsoron kada a juya musu addini. Kaɗan ne suka bi addininsa. A 1929 mishan ta koma Wusasa, inda Dikko, likita na farko ɗan Arewa, ya yi karatu. Da ƙoƙarin Mila Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932. Ya rasu a ƙasar Jos a 1952.

To, ke da makaranta take ƙofar gidanku yau, me zai hana ki tura 'yarki?